Bindigar da Za Ta Kai Bakin Daji

Bareyin da ke saukowa gonar tudun Kayo sun san iyakar bindigarta kamar su suka ƙera ta. Idan ta fito da sassafe ta laɓe bayan tarin duwatsun da ke kusurwar gona, ba sa gudu. Sai su ja da baya a hankali, suna tauna, har su kai bakin daji, su tsaya can su zuba mata ido. Bindigar tata mai cin gajeren zango ce, harsashinta da ya wuce mita ɗari sai ya fara neman ƙasa. Shekara tara da watanni tana riƙe da ita, tana jiran cikar goman da doka ta ɗora wa kowa kafin a ba shi izinin mai cin dogon zango.

Jan wake take shukawa a wurin. Mahaifinta ne ya sare dajin tun ba a haife ta ba, kuma duwatsun nan da take laɓewa a bayansu shi ya tone su ɗaya bayan ɗaya. Ta kewaye gonar da waya mai lantarki, bareyin suka koyi bi ta rafi. Ta toshe rafin, suka koyi tsalle. A kakar da ta wuce, abin da ta kwaso daga tudun bai kai rabin abin da aka saba ba.

Mijinta Tsuneo ya dubi buhunan, ya sosa ƙeya.

"Kayo, ba wai na raina aikin Baba ba ne. Amma mu ke noma, su ke girbi. Baɗi ce ta ƙarshe. In suka sake cinyewa, mu bar musu kawai, har takardar gado sai in rubuta musu."

Ba ta yi musu ba, don ta san gaskiya ya faɗa. Shekara goman za ta cika a watan Maris. In ta miƙa takardar nema nan da nan, izini zai fito kafin wake ya yi fure. Sai dai lambar bindiga ɗaya tak za ta rubuta a takardar, kuma wadda ta rubuta ɗin ba za ta harba ta ba, ba ma za ta ɗora ta a kafaɗa ba, sai ranar da izinin ya shigo hannunta. In ta zaɓi wadda ba ta dace ba, kafin ta sake neman wata an gama cinye gonar.

Ebisawa ne ya koya mata harbi. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da huɗu, tsohon ma'aikacin gandun daji, gajere, marar yawan magana. Shi ya koya mata kada ta kai yatsa kan kunamar bindiga sai ta ga tudun ƙasa a bayan dabba, inda harsashi zai tsaya in ya wuce. Shekara da shekaru shi ne mai rage mata bareyin nan da doguwar bindigarsa. Amma a kakar da ta wuce ɗin ya harbi wata a mita ɗari biyu, tazarar da a da ba ya ko tunani a kanta. Ya nufi bayan kafaɗa, harsashi ya same ta a cinya. Kwana biyu yana bin jini cikin daji bai same ta ba. Da ya dawo ya kulle bindigar a akwatin ƙarfe, ya ce idonsa ya ƙare, zai mayar da izininsa.

A walimar sabuwar shekara ta ƙungiyar maharban ƙauye, ana tsakiyar cin farfesun naman barewa, wani da giya ta fara ɗauka ya buga tebur.

"Ai magana ta yi daidai! Tsoho zai ajiye, Kayo-chan za ta ɗauka. Bindigar malami ta koma hannun ɗaliba. Wa ke da ja?"

Aka yi ta tafi. Kayo ta ji duk idanu a kanta. Ta ajiye kofi, ta sunkuyar da kai ta ce, in har zai yarda, ba ƙaramar daraja ba ce a gare ta. Ebisawa ma ya sunkuyar da nasa ya ce, in ba za ta raina tsohon kaya ba. Magana ta ƙullu a gaban mutum ashirin.

Duk tsawon hunturun, aikin Kayo tsintar wake ne. Takan zauna a rumfar ajiya kusa da murhun kananzir, ta baza shi a faffaɗan faranti, ta fitar da mai tsaga, da mai ƙwari, da wanda ya motse. Aiki ne da ke barin zuciya ta yi ta yawo. Wata rana Tsuneo ya shigo da littafin tallan bindigogi, yana karkaɗe dusar ƙanƙara daga hula.

"Dubi wannan. Yen dubu ɗari takwas! In ta harbe, ita ce ke dafa naman kuma?"

"Ajiye mini littafi. Ai na riga na ba da baki."

"To me ya sa kike kwana da shi a ƙarƙashin matashi?"

Ta ci gaba da tsinta. Can ta gaya masa abin da ke cin ta. Shekara biyu ke nan tana lura harbin tsohon yana kaucewa. In idonsa ne, to bindigar lafiyarta lau, ta samu abu mai kyau a arha. In ba idon ba ne, bindigar ce fa? Ba kuma yadda za a gane, tunda ban da shi ba wanda doka ta yarda ya ja kunamarta.

"Ki ce masa ba kya so mana."

"Ka je kai ka ce masa."

"Ni? Mutumin da ya ciro mini mota daga rafi har sau biyu? Ina! Ke ce ɗalibar."

A ƙarshen Fabrairu Ebisawa ya aiko ta zo gida. Matarsa Fumie ta tare ta a ƙofa, ta karɓi rigar sanyinta, ta kawo shayi da kabeji mai tsami. Tsohon ya shiga ciki ya fito rungume da kwali.

"Tunda ba dama in miƙa miki ita ki riƙe," ya ce, "ga halinta a rubuce."

Takardun gwaji ne, na shekara ashirin da biyu. Duk wadda ya taɓa harbi a filin gwaji ya adana ta. A kusurwar kowace ya rubuta kwanan wata, da tazara, da tsananin sanyi, da inda iska ta fito. Akwai wadda ya ja wa jan layi, ta shekarar da aka hana harsashin darma aka koma na tagulla, saboda mikiyoyin da ke mutuwa in sun ci ragowar nama.

Kayo mace ce mai son tsari. Ta nemi izini ta jera su a kan tabarma, shekara bayan shekara, tun daga bakin ƙofa har gindin taga. A na farko-farko ramuka biyar ɗin a cure suke, murfin kofin shayi zai rufe su. Tana matsawa suna buɗewa, har a na bara sai an haɗa hannu biyu.

"Kin gani," in ji tsohon, bai dubi takardun ba. "Haka tsufa yake. A hankali yake shigowa."

Ta durƙusa a kan na ƙarshen. Idon da ya yi wata uku yana raba wake mai kyau da motsattse bai tsaya kan nisan da ke tsakanin ramukan ba, sai ya tsaya kan ramukan su kansu. Ta ɗauko wata ta shekara goma sha biyar baya ta ajiye kusa. A tsohuwar, kowane rami zagaye yake kamar an huda da ƙusa. A sabuwar, uku daga cikin biyar sun ɗan yi tsawo, kamar ƙwayar wake a kwance.

Ta daɗe tana neman yadda za ta faɗa ba tare da ta zama mai gyara wa malaminta karatu a ɗakinsa ba.

"Ebisawa-san, ka yi haƙuri, tambayar rashin sani zan yi. Ido yana iya sa harsashi ya kauce hagu ko dama, ko?"

"Yana iyawa. Ga shaida nan shimfiɗe a gabanki."

"To yana iya sa ya shiga takarda a karkace?"

Tsohon ya ɗago kai. Ta miƙa masa takardun biyu da hannu bibbiyu. Ya kai su nesa da fuska, ya dawo da su kusa. Fumie ta tashi, ta buɗe aljihun tebur, ta ajiye masa gilashin karatu a gwiwa.

"Ga wanda ka ce na tsofaffi ne."

Ya saka. Ya yi ta kallo har shayinsa ya huce. Shekara uku yana auna buɗewar ramukan da ma'auni yana rubutawa, bai taɓa duba siffarsu ba, domin tun ranar farko ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Bindigar da ta yi masa shekara ashirin da biyu ba ta ba shi kunya ba, bai ga ta inda zai fara zarginta ba.

"Wata huɗu," in ji Fumie, "kana zaune mini a gida kamar tukunyar da aka kife, wai ka makance. Makahon da ke hango mai kawo wasiƙa tun daga kan gada!"

"Ke, Fumie."

"Ƙarya na yi? Kayo-chan, ƙara shayi."

Ranar Litinin suka tafi birnin Obihiro su biyu a 'yar farar motarta ta ɗaukar kaya, bindigar na cikin jaka a kan cinyar mai ita. Shagon Kumagai suka nufa, wani mai ƙiba, mai dariya kafin ya gama magana, wanda ke sayar da bindigogi yana kuma gyara su. Shi yana da takardar da ta ba shi damar taɓa ta kowa. Ya kwance ta a kan tebur, ya zura wata siririyar sanda mai fitila a cikin bututun, ya kafa ido, ya yi tsaki.

"Ebisawa-san, zo ka ga abin kunya. Zanen nan da ke murɗa harsashi ya shafe kamar tayar da ta yi shekara goma a hanya. Harsashi nawa ta ci?"

"Dubu huɗu da ɗari shida."

"Tabɗi! To ai ita ya kamata ta yi ritaya, ba kai ba. Wannan ko wa aka ba, inda ta ga dama za ta jefa."

Tsohon ya leƙa, ya daɗe. Sannan ya juyo ya fuskanci Kayo, ya haɗa ƙafafu, ya sunkuya ƙasa sosai, irin sunkuyon da ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Saura kaɗan in sa ki rasa gonar mahaifinki. Tun a wurin walima raina bai kwanta ba. Na ga kin roƙa a gaban jama'a, na kasa hana ki."

Ita ma ta sunkuya, har ta fi shi yin ƙasa.

"Ni ce da laifi. Ni ma raina bai kwanta ba, na kasa buɗe baki."

"A'a, ni ne babba, ni ya kamata…"

"Kai, ku dakata!" in ji Kumagai. "Za ku fasa mini gilashi da goshi. Wato ke ba kya so, shi ba ya son bayarwa, amma da yanzu an sa hannu? Mutanen tudu ke nan. Ladabi zai kashe ku wata rana. Zo nan, Kayo-san, mu yi abin da ya kawo ku."

Ya kai ta gaban akwatin gilashin da bindigogi ke jere a ciki. Ta farko da idonta ya faɗa a kai ita ce ta cikin littafi, mai ƙotar katako mai sheƙi da zanen ganye a jikin ƙarfe.

"Kyakkyawa ce, ba ƙarya," in ji shi. "Likitocin haƙori na Sapporo nake ajiye wa. Su harba sau uku a shekara, su ɗauki hoto. Rabin kuɗinta na katakon ne, kuma barewa ba ta duba katako."

Ta matsa ga ta biyu, doguwa, mai ƙaton baki. A jikin takardarta an rubuta tana kai mita dubu. Kayo ta tsaya a nan. Shekara goma ana tsaya mata inda ba ta iya kaiwa, yanzu ga abin da zai kai ko'ina. Kuɗin da ta tara zai saye ta, ko da yake ba abin da zai rage.

Ebisawa ya zo ya tsaya kusa da ita, hannuwa a baya.

"Daga duwatsu zuwa bakin daji nawa ne?"

"Mita ɗari biyu da saba'in."

"Bayan dajin fa, me ke akwai?"

"Hanyar motar madara."

"To me za ki yi da dubu?" Ya bari ta ɗan yi tunani, kamar yadda ya saba. "Wannan za ta doke ki a kafaɗa sau goma. A na sha ɗaya, za ki fara runtse ido kafin ki ja kunama, ba ki ma san kina yi ba. Na ga ƙarti sun lalace a haka."

"Harsashinta kuma sai na aika Tokyo," in ji Kumagai. "Sati uku. Kya gaya wa bareyin su jira."

Ya tsuguna da ƙyar ya nuna ta can ƙasa. Baƙa ce, ƙotarta ta roba, bututunta mai kauri, ba ado ko ɗaya.

"Mummuna ce, kamar bututun ban ruwa. Amma masu ita sun zuba kuɗinsu a wuri biyu kawai, bututu da kunama. Na sayar da bakwai a kwarin nan, ba wadda ta dawo sai don a gaishe ni. Nauyinta zai sha miki rabin dukan. Harsashinta na tagulla kuwa, ina da shi ran Litinin, ina da shi ran Asabar. Kuɗinta bai kai sulusin na waccan mai ganye ba."

Kayo ta dubi malaminta. Ya gyaɗa kai sau ɗaya.

"Saura madubin saiti," in ji Kumagai, "kuma a nan ne zan sa ki kuka. Mai kyau ya fi bindigar tsada. Mai arha kuwa da asuba hazo kawai zai nuna miki."

Ebisawa ya juya. Ya koma teburin da tsohuwar bindigarsa take, ya ari abin kwance ƙusa, ya kwance madubin da ke kanta a hankali. Ya goge shi da hankici, ya miƙo wa Kayo da hannu biyu.

"Wannan ba ya buƙatar izinin 'yan sanda."

Ta ƙi. Ya sake miƙowa, ta sake ƙi. A na uku ya kama hannunta ya ɗora mata.

"Shi bai tsufa ba. Ragowar kuɗinki ki sayi harsashi, ki je ki ƙone su a filin gwaji. Can ne bindiga mai arha take zama mai tsada."

Kafin su fita ya sa Kumagai ya auna masa baƙar bindigar: tsawon ƙota, nisan kunama, nauyi, da inda nauyin ya fi rinjaya. Ya rubuta a bayan ambulan. Kayo ba ta tambayi dalili ba.

Bayan kwana goma, ta riga ta miƙa takardar nema, sai ga shi a rumfar wake da wani abu naɗe a bargo. Katako ne ya sassaƙa daidai da awon nan, ya rarake cikinsa ya cusa guntayen ƙarfe. Suka ɗora a sikelin wake, nauyi ya zo daidai. Ya ɗaura madubin a kai.

"Kullum sau talatin. Ki kwanta, ki ɗora kunci, ki nemi wancan turken na ƙarshen shinge, ki saki numfashi. Ranar da ta gasken ta zo, kada kafaɗarki ta ɗauke ta baƙuwa."

Haka ta yi har ƙanƙara ta narke, aka yi huɗa, aka yi shuka. Tsuneo in ya wuce da taki sai ya leƙo.

"Maharbiya, yau nawa katako ya kashe?"

"Matso ka tsaya jikin turken can, in gwada."

'Yan sanda suka zo suka duba akwatin ƙarfen da za ta riƙa kulle ta, suka zagaya maƙwabta, suka keɓe Tsuneo suka tambaye shi ko matarsa na da zafin rai. Ya ce musu sai dai in an taɓa mata wake. Izini ya fito a tsakiyar Yuni.

Da ta ɗaga ta gasken a karon farko, kuncinta ya sauka inda ya saba sauka, idonta ya faɗa tsakiyar madubi ba tare da nema ba. Sau shida ta je filin gwaji. A zuwa na shida, a mita ɗari uku, tafin hannunta ya rufe ramuka biyar, kowanne zagaye. Ta rubuta kwanan wata da iska a kusurwar takardar.

A ƙarshen Yuli wake ya yi fure, rawaya ƙanana a ƙarƙashin ganye, kuma ofishin ƙauye ya ba da takardar izinin harbi don kare amfanin gona. Suka kwanta bayan duwatsu, ita da bindiga, tsohon da abin hangen nesa. Gari ya yi haske amma rana ba ta fito ba, ya ɗora agogonsa a kan dutse suna jiran mintin fitowarta, don sai lokacin doka ta yarda a yi harbi. Bareyi tara ne a cikin waken. Da suka ji motsi suka yi abin da suka saba, suka ja da baya suna tauna, wata babba mai yagaggen kunne tana gaba. Ita ce ta koya wa sauran bi ta rafi.

"Lokaci ya yi," in ji shi a hankali.

Babbar ta tsaya a kan ƙoƙuwar tudu, ba komai a bayanta sai sarari. Ta cika madubin, har gashin wuyanta Kayo na gani. Shekara goma take jiran wannan. Ta bar yatsanta a miƙe a gefen ƙarfe. Minti ya wuce, wani ya bi shi. Sannan barewar ta sauko taku huɗu, ta juya gefe, gangaren ƙasa ya tsaya a bayanta.

"Iska daga dama, 'yar kaɗan," in ji shi. "Dubi kan ciyawa. Karkata saiti dama da faɗin tafi ɗaya."

Ta karkata. Ta saki rabin numfashi, ta matsa kunama.

Barewar ta faɗi a inda take tsaye, ba ta ƙara taku ba. Sauran suka yi cirko-cirko, sannan suka watse cikin daji da gudun da Kayo ba ta taɓa ganin sun yi ba. Ta zare harsashin da ya rage, ta buɗe bindigar. Suka taka har wurin, suka cire huluna, suka haɗa tafuka suka sunkuyar da kai. Harsashin ya shiga daidai bayan kafaɗa.

"Ba ta sha wuya ba," in ji tsohon. Kayo ta san wadda ya harba a cinya yake tunawa.

Ta ƙara harbe uku a watan Agusta, daga nan garken ya sauya hanya. A watan Oktoba wajen sauko da buhuna daga tudu sai da motar ta yi sawu biyu fiye da na bara. Tsuneo bai ce an fasa barin gonar ba. Ta dai wayi gari ta ga ya sayo sababbin turakun shinge ya jibge a bakin rumfa, yana ta faɗan tsadarsu.

Daga waken farko ta dafa shinkafa da jan wake irin ta ranar murna. Ta zuba a ƙaramin kwano ta ajiye gaban hoton mahaifinta. Ta aika wa Kumagai kwano guda, ya bugo waya yana tambaya ko ba ƙari. Sannan ta cika akwatin abinci mai baƙin fenti, wanda ta gada wurin mahaifiyarta, ta naɗe shi a ƙyalle ta kai gidan Ebisawa da kanta. A bakin ƙofa ta yi ta jero godiya, ta madubi, ta katako, ta shekara goma. Tsohon ya yi ta kallon takalmansa yana cewa ba komai, ba komai, har Fumie ta ce su shigo haka nan kafin sanyi ya cika mata gida.

Bayan kwana uku Fumie ta dawo da akwatin. Ba a mayar da akwati wayam, don haka Kayo ta buɗe tana zaton 'ya'yan itace ne ko alewa. Takardar gwaji ce a ninke. Kwanan watan na makon jiya ne, tazara mita ɗari biyu, iska daga yamma. Ramuka biyar a cure, kowanne zagaye kamar an huda da ƙusa. A ƙasa, da rubutun Ebisawa ƙanana, ya sa: "Kumagai ya sa wa tsohuwar bindigata sabon bututu. Madubin na aro ne. Idon dai shi ne na da. Na gode, Kayo-chan."

"Ya sabunta izinin?" ta tambaya.

"Tun yaushe! Yanzu kuma ba ya zama a gida, na rasa wanda ya fi."

Kayo ta shimfiɗa takardar a kan tebur ta lallatse ninkin da tafin hannu. Ta ɗauko ƙusa ta kai ta rumfar wake, ta kafa ta a bango kusa da tata, a ƙarƙashin bindigar katako.